Ɗakin cikin gandun Glacier ko gidan haya a gari: ga wanda za ka kama

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kan tambayarka, tsakanin ɗaki a masaukin cikin gandun daji na Glacier da ke jihar Montana ta Amurka da gidan haya a garin Whitefish na wannan makon da za ku yi da iyali, ka kama na cikin gandu. In bai samu na kwana bakwai ba, ka kama ko da na kwana uku ne, kuma a ɓangaren gabas. Duka biyun na gwada su a tafiya biyu daban-daban, kuma ɗaya ce kawai har yau nake marmarin maimaitawa.

Abin da taswirar Montana ba ta nuna wa mutum sosai shi ne tsauni ya raba gandun nan gida biyu. Hanya ɗaya tak ce ta ratsa tsakiyarsa daga yamma zuwa gabas, wato Going-to-the-Sun, wadda aka yi bikin buɗe ta a 1933. Tsawonta mil 50 ne, kusan kilomita 80, amma kada lissafin ya ruɗe ka. Sai ka yi awa biyu a kanta ko ba ka tsaya ko'ina ba, domin siririya ce, kwana a kan kwana, dutse ta wannan hannun, rami ta wancan. Whitefish tana yamma, kuma tsakaninta da ƙofar West Glacier kaɗai akwai tafiyar wajen minti 40. Su kuwa kwarin Many Glacier da na Two Medicine, waɗanda hotunansu ne suka ja yawancinmu zuwa wurin, suna gabas, kowanne da tasa ƙofar da tasa hanyar.

Zuwanmu na farko gidan haya muka kama a gefen ɗaya daga cikin garuruwan yamma. Mai gidan ya rubuta cewa minti kaɗan ne zuwa gandu, ni kuma ban bincika ba. Ashe iyakar gandun yake nufi, ba ƙofar shiga ba, balle wuraren da ake zuwa gani. Rana ta biyu muka isa Logan Pass, ƙololuwar hanyar, wajen ƙarfe tara na safe, muka tarar wurin ajiye motoci ya cika maƙil. Muka yi ta zagaye har yara suka fara ƙorafi, muka haƙura muka wuce. Ranar Many Glacier ta fi ciwo: kusan awa uku zuwa, kusan awa uku dawowa. Mun kama hanyar ƙafa, mun yi rabi, wurin ya fara kyau ke nan, na dubi agogo na ce mu juya, don ba na son tuƙin dare a wannan hanyar. Uwargida ba ta ce komai ba, amma na san ranta bai so ba, nawa ma haka.

Haƙƙin gidan dai ba zan ci ba: akwai kicin, akwai injin wanki, akwai fili, kuma ya fi sauƙin kuɗi in kuna da yawa. Iyakar abin da zan iya faɗi a kansa ke nan.

Da muka koma karo na biyu, sai muka kwana a otal ɗin Many Glacier, wanda kamfanin jirgin ƙasa na Great Northern ya gina ya buɗe a 1915, a bakin tafkin Swiftcurrent. Tsohon gini ne na katako, ba talabijin a ɗaki, ba iyakwandishan, sabis ɗin waya kuma sai ka yi da gaske. Na zaci yara za su tayar da rigima kan wannan, amma ko sau ɗaya ba su tambaya ba. Safiyar farko, bayan asuba, na ɗauki bargo na fita baranda ta bayan otal. Tafkin yana kwance luf, ko motsi ba ya yi, sanyi yana ratsa ƙashi duk da a watan Yuli muke. Ina tsaye rana ta fara taɓa kan dutsen da ke tsallaken ruwa, Grinnell Point, ya yi ja kamar garwashi, kuma ga shi can kwance a cikin ruwan kamar an kifa shi. Na koma da sauri na taso ƙaramar 'yata, na naɗo ta a bargon. Ta daɗe ba ta yi magana ba, can sai ta ce, "Baba, kullum haka yake yi?" Cikin 'yan mintuna jan ya dushe. Wanda ya kwana a gari, ko ƙarfe huɗu ya tashi, a mota wannan lokacin zai same shi.

Ranar kuma ba mu taɓa mota ba. Jirgin ruwa yana tashi daga bayan otal ɗin, ya tsallaka Swiftcurrent, ku sauka ku ɗan taka, ku shiga wani ya tsallaka tafkin Josephine, daga nan ku kama hawa zuwa ƙanƙarar Grinnell, wato tulin ƙanƙarar da ke can saman dutse. Tafiyar a ƙafa zalla ta haura mil 10 zuwa da dawowa, jirgin kuwa yana rage muku mil uku da wani abu, wanda ga mai yara ba ƙaramin abu ba ne. Mun dawo da la'asar, kowa ya yi wanka ya miƙe ƙafa, da yamma kuma muka sake fita zuwa ɗan tafkin Fishercap, inda muka tarar da wata ƙatuwar dabbar nan da suke kira moose tsaye cikin ruwa tana cin ciyawa, ɗanta na gefe. Muna dawowa wani dattijo ya miƙa wa ɗana tabaron hangen nesa, ya nuna masa beyar can saman gangare tana kiwo. A Yuli rana ba ta faɗuwa a wurin sai bayan ƙarfe tara na dare, don haka wanda ɗakinsa yake kusa kamar rana biyu yake samu a cikin ɗaya: ya fita da sassafe, ya huta da tsakar rana lokacin da cunkoso ya yi yawa, ya sake fita bayan mutane sun watse.

Kuɗinsa ya fi, ba zan ɓoye maka ba, kuma ɗakunan ba su da girma. Amma ka haɗa da man da za ka ƙona kullum da awoyin da za ka zubar a kan titi, sannan ka tuna nawa ka kashe kafin ku iso Montana ma. Araha ba ta ado.

Ga yadda zan raba makon da ni ne kai. In ta filin jirgin Kalispell za ku sauka, ku yi kwana biyu ko uku na farko a yamma, a masaukin bakin tafkin McDonald ko a Apgar, ɗan ƙauyen da ke ƙarshen tafkin a cikin gandu. A Apgar akwai wasu ɗakuna masu ɗan kicin, in girki ne damuwar uwargida. Ranar isowa kada ka tsara komai, ku yi sayayya, ku zauna bakin tafki. Washegari ku yi Trail of the Cedars, gajeriyar hanya ce mai shimfiɗar katako a cikin manyan itatuwa, ku zarce tafkin Avalanche, kusan mil 5 zuwa da dawowa, yaro ɗan shekara shida ma zai iya. Rana ta uku ku ɗaure kaya tun dare, ku fita da duku-duku, ku isa Logan Pass kafin bakwai. Zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri, kuma a wannan wurin ajiye motocin maganar gaskiya ce tsantsa, don kuɗi ba ya saya maka gurbi. Daga nan ku taka zuwa inda ake hango Hidden Lake, bai kai mil 3 ba zuwa da dawowa, kuma sau da yawa ana cin karo da awakin dutse a hanya. Wurin ya haura mita 2,000 a sama, iska tana kaɗawa, ku riƙe rigunan sanyi a hannu ko da kun bar ƙasa ana zafi. Sai ku gangara gabas ta St. Mary, ba sai kun dawo baya ba. Ka ga hanyar da mai kwana a gidan haya zai bi sau shida ko takwas, kai sau ɗaya ka bi ta, kuma cikin natsuwa.

Sauran kwanakin duk na gabas ne: rana ɗaya Grinnell, rana ɗaya hutu da jirgin ruwa, rana ɗaya tafkin Iceberg in ƙafafu sun yarda, shi ma ya kusa mil 10. Ranar komawa ku biya ta Two Medicine, ku bi babbar hanya mai lamba 2 da ta zagaye gandun ta kudu. Ka bar rana ɗaya ba tare da ka rubuta mata komai ba. Ana rufe hanyar ƙafa ba sanarwa in beyar ta yawaita a wurin, hadari yana tasowa, kuma a watan Agusta hayaƙin gobarar daji kan rufe tsaunukan har ka rasa abin gani.

Maganar lokaci kuwa, kada ka sa tafiyar a farkon Yuni kana sa ran hawa Logan Pass. Dusar ƙanƙara ce ke yanke ranar buɗe hanyar, yawanci ƙarshen Yuni ne ko cikin Yuli, kuma saman hanyar Grinnell kan daɗe fiye da haka bai narke ba. Daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba ya fi tabbas. Masaukan cikin gandu na bazara ne kawai, ana fara kama ɗakunansu fiye da shekara guda kafin lokaci, suna kuma ƙarewa da wuri. In ka duba ka ga babu, kada ka fid da rai. Ka kama wani wuri a St. Mary ko Babb, ƙananan garuruwan da ke gabashin gandun, wanda za a mayar maka da kuɗinka in ka fasa, sannan ka riƙa leƙawa safe da yamma, domin mutane suna fasawa. Namu ɗakin ma haka muka same shi, kwana biyu da farko, na ukun daga baya.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa maka, don 'yan damfara sun san mutane suna neman ɗakin nan ido rufe. Akwai shafukan da ke sa suna da hoto kamar su ne hukumar gandun, alhali dillalai ne. Ɗakin da za ka iya kamawa da kanka shi za su kama maka, su ɗora kuɗin dillanci da ba a mayarwa ko ka fasa, kuma a can ƙasa da ƙananan haruffa suke rubuta shi. Ka shiga ta shafin hukumar gandun daji ta Amurka, nps.gov, ka bi mahaɗin masauki daga can. In gidan haya ne, duk wanda ya ce ku bar manhajar haya ku ƙarasa magana a waya, ka turo kuɗi kai tsaye zai rage maka, to ka rabu da shi nan take, komai kyan hotunan. Wanda ya rubuta "kusa da Glacier" kuma, ka nemi sunan titin, ka sa a taswira, ka auna tafiyar zuwa Logan Pass da zuwa Many Glacier, ba zuwa bakin iyaka ba. Ka kuma duba ƙasar da kyau: akwai wani gandun mai suna Glacier a Kanada, a lardin British Columbia, akwai kuma Glacier Bay a Alaska, kuma injin bincike yana cakuɗa su.

Takardar shiga da mota ta kwana bakwai ce, ta yi daidai da makonku. Ban da ita, tun 2021 hukumar take sauya tsarin izinin shiga wasu sassa da mota kusan kowace shekara, saboda haka kada ka dogara da abin da wani ya ba ka labari, har da ni, ka karanta na shekarar da za ku je. A lokacinmu takardar ɗakin da muka kama ita ta wadatar a ƙofar Many Glacier, wanda shi ma wani sauƙi ne da mai kwana a gari bai samu ba.

Babu gidan mai a cikin gandun, ka cika tanki kafin ka shiga. Manyan kantuna suna yamma, a Columbia Falls da Whitefish da Kalispell, can za ku cika kula da abin da zai kai ku kwanakin gabas, inda shaguna ƙanana ne. Kada ku bar abinci a waje ko na minti biyar. Feshin barkonon korar beyar ba a shiga jirgin sama da shi, a can za ka saya ko ka yi haya, kuma ya zauna a ƙugunka, ba a ƙasan jaka ba. Dokar gandun ita ce yadi 100 tsakaninku da beyar ko kyarkeci, yadi 25 da sauran dabbobi. Ku riƙa magana da ƙarfi a kan hanya, musamman a kwana da bakin rafi, yara kuma su kasance a tsakiya.

Ka fara duba ɗakunan Many Glacier yau ɗin nan, kafin ma tikitin jirgi. Ranakun da ka samu a can, a kansu za ka gina sauran. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.