Littafin fatalwar da aka sayar min ba ƙarshe

Duk wadda za ta sayi littafin yara a hannun 'yan gwanjo, don Allah ta tsaya ta buɗe shafin ƙarshe kafin ta miƙa kuɗinta. Ni ban buɗe ba, ga shi yau kwana tara ke nan Ummi tana kwana a gadona, ƙafarta a haƙarƙarina.

Hutun ƙarshen shekara ne ya ja min. Yara biyu a gida, Abba ɗan shekara 14, Ummi 'yar 10, daga wayata sai wayar babansu, data tana tafiya kamar ana zuba ruwa a kwando. Dama malamar Turancin Ummi ta taɓa ce min yarinyar tana da ƙwaƙwalwa, sai dai ba ta karanta komai in ba abin da za a yi jarrabawa a kai ba, in nemo mata labaran da za su riƙe ta, ko da na ban tsoro ne. Sai na tari adaidaita daga Gwammaja na nufi Sabon Gari, wajen wani mai shago da ƙawata ta yi min kwatancensa. Ba zan kama sunansa ba, shi ya san kansa. Na ɗebo guda takwas: biyar na fatalwa da dodanni saboda Ummi, uku kuma na irin labaran nan da ake ƙago duniyar da ta lalace, azzalumai sun danne kowa, yara ne ke neman hanyar tsira, saboda Abba. Kuɗi kuwa kun san yadda littafi ya koma yanzu. Na yi ciniki har ya ce, "Hajiya, kin fi ni iya kasuwa," ya rage min abin da bai kai kuɗin adaidaitar komawa gida ba. Ya kuma rantse min duka gwanjon Landan ne.

In za a faɗi gaskiya, shida daga ciki gwanjon ne. Ɗaya ma har da hatimin wani laburaren Ingila a shafin farko, ga sunan wata yarinya an rubuta da jan biro. Huɗu daga jerin Goosebumps ne na R. L. Stine, Ba'amurken da ya fara fitar da su tun 1992. Babi-babin gajeru ne, kowanne kuma yana yankewa daidai inda dole ka juya shafi. Cikin kwana biyu Ummi ta cinye na farko. Tana biyo ni har kicin tana tambayata ma'anar kalmomi, ina tuƙa tuwo ina fassara. Wayata ta huta. Na ji daɗi har na tura wa ƙawata saƙon murya ina zuba mata godiya, ina cewa wannan mutum ya yi mai saya na dindindin.

Ashe da sauran rina a kaba.

Na biyar ɗin ba ya cikin wancan jerin. Ɗan siriri ne mai koren bango da hoton matakalar bene. Daren Laraba ne, ana zuba sanyi, an ɗauke wuta tun magariba. Ummi a ɗakin Hajiya take kwana, uwar maigidana, wadda sunanta ta ci. Ashe ta shige bargo da 'yar fitilar caji tana karatu, ba wanda ya sani. Wajen ƙarfe biyun dare sai muka ji ihu, irin ihun da ke tsinka hanjin uwa. Baban Ummi ya diro daga gado ya rarumi taɓarya, shi a zatonsa ɓarayi ne suka hauro. Ni ko ɗankwali ban tsaya nema ba. Muka tarar da ita ta manne a kusurwar gado, jikinta yana ɓari, tana nuna ƙofa tana cewa, "Ya kai ta goma sha biyu! Saura ɗaya! Saura ɗaya!"

Hajiya ta dafe ƙirji. "Wa ya kai? Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, an taɓa min takwara." Nan da nan ta sa na hura garwashi, aka zuba habbatus sauda, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin har muna tari. Ta yi tofin Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi a kofin ruwa, ta ba ta ta sha, ta shafe mata fuska da sauran. Maƙwabcinmu yana buga ƙofa yana "Lafiya dai, Alhaji?", matarsa tana leƙowa ta katanga. Ita kuwa Ummi duk sanda aka yi shiru sai ta zabura ta ce mu saurara. Muka kasa kunne. Wallahi akwai ƙara. Ƙwas. A jima, ƙwas. Ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi, na tuno labarin matar nan mai dogon takalmi da ake tsorata mu da ita a makarantar kwana. Babansu ya fita tsakar gida da tocila da taɓaryarsa. Kwanon rufin akurkin kaji ne ƙusa ta fice, iskar hunturu tana ɗaga shi tana saki.

Kuma fa gidanmu ba bene ba ne. Matakala ko ɗaya ba mu da ita, in ba dokin ƙofar banɗaki ba.

Da asuba Hajiya ta ce a kira mai ruƙiyya. Sai a lokacin Abba, wanda ya kwana yana danne dariya, ya zaro littafin daga ƙarƙashin filo ya ce, "Umma, wannan ne aljanin." Bayan na sallami kowa da koko na zauna na karanta shi tas. Wani yaro ne iyayensa suka tare a tsohon gida mai matakala goma sha uku, ɗakinsa a sama. Daren farko ya ji an taka ta ɗaya, an tsaya. Dare na biyu an taka biyu. Kullum ana ƙara ɗaya, manya kuma ba wanda ya yarda da shi. Marubucin ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba, ni da nake da 'ya'ya biyu da rana tsaka sai da na waiwaya. A shafi na 96 an taka ta goma sha biyu, yaron ya ɗora hannu a mariƙin ƙofa. Na juya. Shafi na 81. Na ce ko idona ne. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, 82, 83, har 96 kuma, hannun yaro a mariƙin ƙofa, daga nan sai bangon baya. Wato yarinyar nan sau biyu abin ya hawo mata matakala a dare ɗaya, ba ta ga ya iso ba, ba ta ga an kore shi ba, ba ta san ko mene ne ba. Aka bar ta da shi tsaye a bakin ƙofa, fitila kuma ta mutu.

Ƙanin maigidana yana aikin ɗab'i, su ne masu buga kalanda da katin biki. Ya juya littafin sau biyu, ya murza shafi da ɗan yatsa, ya nuna min baƙin tawada a yatsan. "Anti, wannan ko hanyar Landan bai sani ba, satar bugu ce." Ya ce ana buga littafi ne a manyan takardu, a ninke kowace ta ba da shafi goma sha shida, sannan a jera su a manne. Mai jerawa ne ya ɗauki ƙulli na shida sau biyu ya bar na bakwai. Shafi na 97 zuwa 112 suna can wani wuri, ƙila an naɗe ƙosai da su.

Ranar Asabar na koma Sabon Gari, raina a ɓace, ga cunkoso tun daga Bata. Na ajiye masa littafin na buɗe wurin. Bai ko yi mamaki ba.

"Hajiya, ai kaya in ya fita ba ya dawowa."

"Malam, ba cewa ka yi gwanjon Landan ne ba?"

"To ai daga kwali ɗaya suka fito."

Na ce ya canza min da wani irinsa. Ya sa yaronsa ya sauko da guda uku da suka rage, muka buɗe su a gabansa, duka ukun daga 96 sai 81. Maimakon ya ji kunya, sai ya ce wai ƙila haka marubucin ya so, ai Turawa suna yin haka don a yi tunani. Na dube shi, na dubi furfurar gemunsa, na haɗiye abin da ya zo bakina. Da ƙyar ya yarda in ɗauki wani a madadinsa, ya miƙo min littafin koyon rubutun wasiƙa. Ina fitowa na waiga, yaron yana mayar da ukun nan kan kanta, inda wata uwar za ta zo ta ɗauka. Wannan ya fi komai ƙona min rai. Koren ma ban bar masa ba, na dawo da abina, don kada ya zama na huɗu.

Da a ranar na rubuta wannan, da cewa zan yi kada kowa ya kusanci irin littattafan nan. Abin da ya sanyaya ni na Abba ne. Ukun da na saya masa su ne The Hunger Games na Suzanne Collins, wanda ya fito a 2008, da biyun da suka biyo shi a 2009 da 2010. Bayan abin da ya faru na ce ba wanda zai ƙara karanta abin da ban leƙa ba, sai na ɗauki na farkon da niyyar in duba shafi goma. Miyata ta kama a ranar. Ƙasa ce mai gunduma 12, babban birni yana cikin daula, gundumomi suna cikin yunwa, kowace shekara kuma dole kowace gunduma ta ba da yaro ɗaya da yarinya ɗaya, 'yan shekara 12 zuwa 18, a zuba su 24 a fili su kashe juna ana nunawa a talabijin. Wurin da ya tsaya min a rai shi ne, yaron talaka yana iya karɓo wa gidansu ɗan hatsi da mai, amma a bakin a ƙara jefa sunansa cikin ƙuri'ar. Muna cin tuwon dare Abba ya ce, "Umma, wannan ba kamar taliya da sabulun da ake rabawa lokacin zaɓe ba ne?" Babansa ya ajiye lomar da ya ɗauka ya ƙura masa ido. Yaron da in ka ji bakinsa to maganar ƙwallo ce. Sun kai sha ɗayan dare suna muhawara shi da uban, har Hajiya ta leƙo ta ce a bar mutane su yi barci.

Amma kada bangon da aka rubuta na matasa ne ya ruɗe ku. Akwai kisa a ciki, yara suna kashe yara, akwai kuma 'yar soyayya da sumba irin ta al'adarsu. Ɗan 14 da za ki zauna ki yi hira da shi a kai, to. Ummi kuwa na ɗora su saman wardirof, sai ta ƙara shekaru. Kuma kun ga, ina cikin yabon nan na tuna: na ukun shi ma satar bugun ne. Abba bai kai rabi ba manne ya saki, shafuka suna zubowa kamar ganyen darbejiya, yanzu da roba muke ɗaure shi. Ƙarshensa dai yana nan, na duba sau biyu. Biyu cikin takwas ke nan, daga bakin mutumin da ya rantse.

Na tambaye shi ma, tun zuwan farko, ko akwai irinsu da Hausa na yara. Ya nuna min tarin na soyayya da na yaƙi, waɗanda ba na 'yar shekara 10 ba ne. In ka cire Magana Jari Ce na Abubakar Imam, da ke hannunmu tun shekarun 1930, da irin su Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo na 1969, ni dai ban ga abin da zan miƙa mata ba. Alhali mu da dodo muka tashi. Kakata ta sha ba mu labarin dodon da ya haɗiye gari guda, muna manne da cinyarta, sai dai ba ta taɓa tashi ta bar mu a cikin dodon ba, sai an farke shi kowa ya fito, ta ce ƙurunƙus.

Hajiya ma abin da ta gwada ke nan. Da ta gane ba aljanu ba ne, ta yi kwana biyu tana min faɗan na kawo littafin banza gida, matacce ai ba ya dawowa, ina aka taɓa ji. A dare na uku ta zaunar da takwararta ta ce a ba ta labarin tun daga farko. Da aka zo matakala ta goma sha biyu, sai ta karɓe: yaro ya yi bisimilla ya buɗe ƙofa, ashe tsohuwar akuyar masu gidan ce mai ɗingishi, kullum tana ƙara samun ƙarfin hawa ɗaya, ƙamshin dusa take bi. Ummi ta yi dariya har da hawaye, sannan ta goge ido ta ce, "Hajiya, ai ba haka aka rubuta ba." Yanzu ta sa na saya mata littafin rubutu mai fallaye arba'in, tana rubuta nata ƙarshen da Turanci, ta yi uku ta yage biyu. Sauran Goosebumps ɗin ma ta koma kansu, amma da rana, a tsakar gida, kusa da inda nake wanke-wanke.

An buga wa akurkin kaji ƙusa. Barci dai har yanzu sai a gadona. In akwai wadda take da koren littafin nan mai hoton matakala, cikakke, don girman Allah ta ɗauki hoton shafi na 97 zuwa 112 ta turo min, haƙarƙarina ya gaji.