Akwatin magani mai ƙararrawa: wata huɗu a hannun mai makyarkyata

Wata huɗu ke nan da na saya wa aminina akwatin nan na ajiye ƙwayoyin magani mai ƙararrawa. Tela ne, tun muna samari yake kan keke, har cutar Parkinson, wadda muke kira makyarkyata, ta raba shi da allura. Ita ce aka gano a jikin ɗan dambe Muhammad Ali a 1984. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin, wanda ke taimaka wa motsin jiki, ne ke mutuwa a hankali, cutar ba ta warkewa, sai dai a rage mata kaifi da magani irin levodopa.

Shi kuwa maganin nan ba ya son jira. Sau huɗu a rana likita ya rubuta masa. In aka makara, sai ka ga mutum ya sandare a bakin ƙofa, ƙafa ta ƙi ɗaguwa kamar an kafe ta da ƙusa. A da uwargidansa da lokutan salla take auna shan maganin, to amma tsakanin asuba da azahar akwai nisa, ƙarfin maganin ya ƙare tun hantsi. Nan akwatin ya biya kuɗinsa. Gida bakwai ne na kwanakin mako, kowanne da rami huɗu, ƙararrawar kuma ba ta saɓa lokaci. Na saita ta safe rabin awa kafin karin kumallo, domin likita ya ce wake, nama da ƙwai suna rage shigar maganin cikin jini, mutumina kuwa ba ya wasa da ƙosai. Sandarewar hantsin nan ta ragu sosai.

Inda na ga gazawarsa shi ne murafen. Ƙanana ne, ga tauri, sai an sa farce. Ran farko ina zaune ya yi ta fama da na Asabar, hannu na rawa, da ya ɓalle sai ƙwayoyin suka watse a kan tabarma, ɗaya ta gangara ƙarƙashin kujera. Na yunƙura zan karɓa, ya janye hannunsa.

"Bar ni, mutumina. Wanda ya ƙera wannan bai taɓa ganin hannu irin nawa ba."

Gaskiyarsa. Shi ya kawo dabarar ma: ya sa ɗansa ya manna wa kowane murfi ɗan ƙyalle da gam, yadda zai ja da yatsa biyu. Daga ramin sai ya juye a kofin shayi, ba sai ya tsinto ba.

Maɓallin kashe ƙarar ma ƙarami ne ƙwarai. Ta taɓa tashi a aljihunsa ana tsakiyar sallar la'asar, har aka sallame tana ƙara, ya yi kwana uku bai koma masallaci ba don kunya. Wannan ya fi ci mini rai. In batir ya mutu kuma, duk saitin ya goge, takardar bayani ba Hausa a ciki.

Duk da haka, in za a tambaye ni zan ce a saya, amma a gwada buɗe murfin da hannun hagu tun a shago. Ni yanzu duk Juma'a bayan masallaci nake zuwa mu cika shi. Ina ƙirgawa yana zubawa, in ta faɗi ya ɗauka da kansa.