Ledar Baader AstroSolar: yadda take aiki a ƙarƙashin ranar Damagaram

Ga mai son ganin baƙaƙen tabban da ke fuskar rana, wannan leda mai tace hasken rana ta cancanci kuɗinta. Faifai ne mai kamar azurfa, girman takardar A4, kuma wadda aka rubuta wa OD 5.0 (OD lamba ce mai nuna ƙarfin tare haske) kashi ɗaya cikin 100,000 na hasken rana kawai take bari ya wuce. A duba lambar kafin a biya: mai OD 3.8 ta ɗaukar hoto ce, ba a sa mata ido.

Ana yanka zobe biyu na kwali, a sa ledar tsakaninsu, a ɗaura a bakin madubin hangen nesa, wato gefen da ke fuskantar rana. A gefen ido zafi yana taruwa ya ƙona ta nan take. Kada a ja ta ta yi tsantsan. Ɗan yamutsi ba ya ɓata hoto, ja ne ke ɓata shi. Ƙaramin madubin saiti da ke manne a jikin babban kuma a rufe shi.

Da madubi mai faɗin milimita 70 ana ganin tsakiyar tabo baƙi ƙirin da toka-tokan da ke kewaye da shi. Galileo, masanin taurari ɗan Italiya, a 1612 bai da irin wannan, kan farar takarda yake saukar da hoton rana ya zana. Schwabe, wani mai nazarin taurari a Jamus, ya ɗauki shekara 17 yana ƙirga tabban kafin ya sanar a 1843 cewa yawansu na hawa da sauka. Yau an san zagayen kusan shekara 11 ne. Ɗalibi zai iya bin sawunsu: zane ɗaya kowace safiya, cikin mako guda zai ga tabo ya gusa, don rana na juyawa cikin kwana 27 a ganinmu.

Rauninta a nan ƙura ce da zafi. Yashin hunturu na karce ta idan an goge da tsumma, gara a hure da ƴar roba mai busa iska. Zafin Afrilu na sake gam, iska kuma na iya fizge kwalin da ledar mutum yana cikin kallo, don haka a ƙara salatif. Kafin kowane kallo a ɗaga ta gaban ƙwan lantarki, in an ga huji a canza. Daga ƙarfe 8 zuwa 9 na safe hoto ya fi tsayawa, kafin ƙasa ta ɗau zafi iska ta fara rawa.