Gargaɗi ga masu neman amfilifayar jitar bes a Zariya: kwando na kamfani, ciki na jabu

Jama'a, a kula. Masu kiɗan bes na coci, na sutudiyo da na rukunin makaɗan biki a Zariya, daga Wusasa zuwa Sabon Gari har Samaru, su ne wasu 'yan damfara suka sa a gaba. Tallan yakan zo ta Facebook ko ta zaurukan WhatsApp: hoton amfilifaya mai sheƙi, Fender ko Hartke ko Ampeg ko Peavey, an ce ɗan kwatano ne bai daɗe da sauka ba, kuɗinsa kuwa bai kai rabin na shago ba. Mu da muke buɗe cikin waɗannan kaya muna gyarawa, muke kuma kiɗa da su, mun ga ya zama dole mu fayyace yadda ha'incin yake, domin mafi yawansa ba a ganinsa daga waje.

Babbar dabarar ita ce musanya. Kwandon, wato akwatin da lasifika ke ciki, na gaskiya ne, tambarin kamfani na gaskiya ne, amma an zare lasifikar asali an sayar daban, an cusa wata mai araha a gurbinta. Wani lokaci ta mota ce, irin wadda ake sa wa a but, wani lokaci kuma ta lasifikar taro ce da aka sake naɗa wa koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke motsa kwalin lasifika. Abin da ya sa wannan ya fi cutar da mai bes shi ne, tsirkiyar E, wato mafi kauri a jita mai tsirkiya 4, tana girgiza kusan sau 41 a sakan ɗaya, ta B a mai tsirkiya 5 kuwa kusan sau 31. Ta E a jita ta yau da kullum sau 82 ce. Duk lokacin da sauti ya sauka da rabi haka, kwalin lasifika sai ya yi tafiya gaba da baya ninki 4 kafin ya ba da ƙara iri ɗaya. Lasifikar da ba don wannan aiki aka ƙera ta ba za ta yi daɗi a ɗaki idan an rage murya, amma ranar da ganguna suka shigo aka ɗaga ta, sai ka ji tana ɓarɓar kamar an yaga zane, daga nan koyil ya ƙone. Ta mota kuma akasin haka take: gurnani kawai, babu tsakiyar sauti, kana ji a ƙirjinka amma ba a gane abin da kake kaɗawa. Dalilin nan ne kuma ya sa wanda ya miƙo maka amfilifayar jita ta yau da kullum, mai buɗaɗɗen baya, ya ce "ai duk ɗaya ne", ya cuce ka.

Gane musanya ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. Ka tafi da sukundireba, fitilar waya, batir mai bolt 9 da mitar awon lantarki. Fara duba kawunan sukurori da ke riƙe da lasifika: idan sun gurje, ko ka ga ramuka biyu kusa da juna a katako, an taɓa cirewa. Cirewa kaɗai ba laifi ba ne, amma sai mai kaya ya faɗi dalili tun kafin ka tambaya. A kashe amfilifaya, a cire ragar gaba, ka baza yatsu a kewayen tsakiyar kwalin ka danna a hankali, daidai wa daida. Ya kamata ya shiga ya dawo shiru. In ka ji ƙarar gogayya, kamar yashi a ciki, koyil ya taɓa zafi ya kumbura. Ka sunsuna ramin iskar kwandon ma, ƙaurin ƙonannen koyil ba ya ɓuya.

Sai a cire wayar lasifika daga amfilifaya a auna. Wadda aka rubuta wa om 8 (om shi ne ma'aunin turjiyar lasifika ga lantarki), mita za ta nuna tsakanin 5 da rabi zuwa 7. Mai om 4 za ta nuna wajen 3. Idan bayan amfilifaya ya ce om 8 ne a ciki, mita kuma ta nuna 3, an canza. Haɗarin ba ƙarami ba ne: yawancin amfilifayoyin bes ba sa ɗaukar ƙasa da om 4. Kwando biyu masu om 8 idan aka haɗa su suna zama om 4, lafiya lau. Amma mai 4 da mai 8 suna komawa kusan 2.7, biyu masu 4 kuma su koma 2, sai na'ura ta yi zafi ta riƙa ɗaukewa ko ta ƙone gaba ɗaya. A kwando mai lasifika 2 ko 4, taɓa batir ɗin nan a wayoyin na ɗan lokaci kaɗan kana kallo. Dukkan kwalayen su motsa tare, gefe ɗaya. Wadda ba ta motsa ba matacciya ce. Wadda ta yi baya alhali sauran sun yo gaba an juya wayarta, kuma ita ce ke cinye kaurin sautin, domin iskar da ɗaya ta turo ɗayar ke janyewa.

Kada girman maganaɗisu ya ruɗe ka ta kowane ɓangare. Akwai masu araha da ake rufa wa faffaɗan murfin roba don su yi kama da manya, akwai kuma na zamani ƙanana marasa nauyi amma masu ƙarfin gaske. Lambar da ke jikin lasifikar ita za ka bincika a intanet ka ga ko ita kamfani ya saba sakawa.

Ha'inci na biyu a lambar wat yake. Za ka ga ƙaramin akwati an liƙa masa "2000W", a ƙasa da ƙananan haruffa an sa PMPO. Wannan lambar talla ce, ba ta da ma'auni tsayayye. Abin tambaya shi ne RMS, wato ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa a ɗore, kuma a kan om nawa. Dubi yadda kamfanoni na gaskiya ke faɗin nasu: Fender Rumble 500 yana ba da wat 350 da lasifikunsa biyu masu inci 10, sai an ƙara masa wani kwando mai om 8 sannan ya cika 500. Rumble 100 lasifika ɗaya gare shi mai inci 12, nauyinsa wajen kilo 10. Ampeg SVT da ya fito a 1969, wanda har yau ake ji da shi a manyan dandamali na duniya, wat 300 ne kacal, kuma kansa kaɗai, wato na'urar ban da kwandon lasifika, ya haura kilo 35. To ina akwatin da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya, mai jan wuta ta adafta, zai samo 2000? Lissafin a fili yake. Adafta mai bolt 12 da amfiya 2 iyakarta wat 24. Fis mai amfiya 1 a wutarmu ta bolt 230 ba zai daɗe yana wuce da abin da ya zarce wat 230 sosai ba. Na'ura ba ta fitar da abin da ba ta ja ba. Zaro fis ɗin ka karanta, kuma idan ka tarar an naɗe shi da waya ko takardar sigari, ka san akwai abin da ke ƙona shi wanda ba a gyara ba.

Wutar ma akwai tarko a cikinta. Kayan da aka yi don Amurka na bolt 120 ne. Wasu dillalai sukan yanke filogin can su sa mai ƙafa uku irin namu, su yi shiru. A shagonsu akwai taransifomar rage wuta a ɓoye ƙarƙashin tebur, kai kuwa kana isa gida ka soka a bango, sai hayaƙi. Karanta rubutun da ke kusa da inda wayar wuta ke shiga. In 120V kaɗai aka rubuta, dole sai da taransifoma, mai ƙarfin da ya zarce abin da na'urar ke ja da tazara mai kyau, kuma kuɗinta ya shiga cikin ciniki. In akwai makunnin zaɓi tsakanin 115 da 230, tabbatar da inda yake kafin a kunna.

Yanzu gwajin sauti, wanda a nan ne suka fi wayo. Ba za su so ka zo da jitarka ba. Za su jona waya su sa waƙa, ko su kaɗa da kansu a ƙaramar murya, sun ɗaga Bass da Treble sun kwantar da Mid. Wannan saiti yana sa kowace tarkace ta yi zaƙi a cikin shago, alhali a cikin taron makaɗa tsakiyar sautin nan, mai girgiza sau 500 zuwa 800 a sakan ɗaya, ita ke sa a ji bes a tsakanin ganga da piyano. Ka ce a mayar da Bass, Mid da Treble duka tsakiya, saitin ƙarfe 12 na agogo, a kashe duk wani maɓallin ƙawata sauti. Jona jitarka da wayarka. Idan jitar mai batir ce, sa ta a ramin Active ko ka danna maɓallin rage ƙarfin shiga. Ɗaga Gain har fitilar gargaɗi ta fara ƙyaftawa idan ka buga da ƙarfi, ka ɗan rage, sannan ka ɗaga Master zuwa ƙarar da za ka yi aiki da ita a zahiri. Buga E a sake, ka bar ta ta mutu da kanta, sannan ka bi gaɓoɓin wuyan jitar ɗaya bayan ɗaya. Kakkarwa a gaɓa guda tak yawanci sukuru ne ko raga ta saki. Ɓarɓara a duk ƙananan sautuka lasifika ce.

Kada ka tashi kafin minti 20. Amfilifayar da aka yi wa gyaran gaggawa takan yi lafiya tana sanyi, sai ta ɗauki zafi ta fara yankewa, kuma zafin Zariya na watan Maris da Afrilu ba ya yi wa irinta uzuri. Duba ko fanka na juyawa. Mai kayan da ya fara cewa man janareta zai ƙare bayan minti 3, ka ce za ka biya kuɗin man.

Ba kowace matsala ce zamba ba, kuma bai kamata a ɓata sunan mai gaskiya ba. Ƙarar ƙwas-ƙwas idan ana murɗa mamurɗi yawanci ƙurar hunturu ce, feshin wanke lantarki na magance ta. Sautin da ke ɗaukewa ya dawo in an bubbuga kwando sau da yawa dattin ramukan Send da Return ne. Haɗa su da gajeriyar waya, in ya daidaita ka gano. Waɗannan na rage kuɗi ne. Amma gunjin da ba ya tafiya ko da an zare jita, wanda za a ce maka "wutar NEPA ce", galibi manyan kafasito ne suka gaji. In kuwa tsirkiya ta ja ka ko da kaɗan, ajiye jitar nan take a kashe soket, domin wannan maganar rai ce, ba ta ciniki ba. Gwada ramin DI ma, wanda ke kai sauti kai tsaye zuwa na'urar haɗa sauti, da mikisa, saboda a manyan taruka ta nan sautinka zai fita.

Ƙananan kaya ma ba su tsira ba. Tsofaffin tsirkiyoyi ana dafa su a ruwa, su dawo da ƙara na 'yan kwanaki, a mayar a leda. Za ka gane su da lanƙwasar bakinsu inda aka taɓa naɗewa, da ƙananan lotsawa a jiki inda suka daɗe suna bugun gaɓa. D'Addario na buga lamba a ledar ciki da ake tantancewa a shafinsu. Fedal irin na Boss bolt 9 yake ci, kuma tsakiyar bakin adaftarsa nagetif ne, don haka adaftar dikoda mai bolt 12 da aka haɗo maka kyauta tana iya kashe shi. Behringer BDI21 kaya ne na halal mai araha, an yi shi a kan salon SansAmp na Tech 21, laifin shi ne a karɓi kuɗin SansAmp a ba ka Behringer. Jitar da aka liƙa wa Fender kuwa, duba lambarta: ta Meziko ta zamanin nan da MX take farawa, ta Amurka da US. Wayar da ke tsakanin kan amfilifaya da kwando kuma ta lasifika ce mai kauri, ba ta jita ba. Siririyar wayar jita zafi take yi a wurin har ta narke.

Sai masu cinikin biri a sama, waɗanda ba su da kayan ma sam. Bidiyon na wani ne suka kwafo. Za su ce kaya na Legas, a tura kafin alƙalami a sa a mota. Washegari wani ya kira a matsayin direba, ya ce sun wuce Jaji, a cika kuɗin dako kafin ya sauke a Kwangila, ko kuma jami'ai sun tsare kaya a hanya sai an ba da wani abu. Ana turawa layi ya mutu. Nemi kiran bidiyo kai tsaye, a rubuta sunanka da kwanan wata a takarda a ɗora a kan amfilifayar, a nuna maka lambar jikinta, a kunna a buga kana kallo. Sunan asusun banki ya zo daidai da na wanda kake magana da shi. Mafi aminci, ka sa wani naka da ke can ya je ya gani da idonsa, ya yi gwajin da muka zayyana, sannan kuɗi su fita.

Ko a hannu ka saya, a rubuta rasit mai ɗauke da sunan kaya, lambar jikinsa, lambar wayar mai sayarwa da sharaɗin mayarwa cikin kwana 2 ko 3, a gaban shaida. Na'urar da aka kankare lambarta ko aka ɓare takardar bayanta, bar ta komai arha, domin ana satar kayan kiɗa a coci-coci da sutudiyo, kuma a hannun wanda aka gani shi ake fara kamawa. Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi, ya kira bankinsa a ranar, ya adana hotunan hirar da shaidar turawa da lambar asusun, ya kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa ko hukumar EFCC, sannan ya sanar da sauran makaɗa lambar wayar da hotunan tallan, domin hoto ɗaya suke yawo da shi daga zaure zuwa zaure.