Skyrim: na sayi faifai don dodanni, sunan Sa'adiyya ya tsayar da ni

Tun 2011 wasan bidiyon nan na Skyrim ya fito, ni kuwa sai bana Allah Ya nufa na taɓa shi. Ƙanina ne ya ishe ni da zancensa, kullum dodo mai fiffike da aman wuta, kullum duwatsu da ƙanƙara, har na gaji na shiga kasuwa na sayo faifan na'urar wasa ta PS4, sabon zubin da aka yi a 2016. Kuɗinsa kun sani, kuma kun san yadda masu shagunan nan ke rantsuwa cewa kaya sabo ne dal. Nawa ma haka ya rantse mini.

Da an fara, a ɗaure ake kawo ka garin Helgen cikin keken doki za a fille maka kai, sai wani soja ya tambayi ko kai wane ne. A nan za ka zaɓi ƙabila ɗaya cikin 10. Na zaɓi Redguard don su ne baƙaƙen fata, ban tsaya dogon tunani ba. Na yi kwana uku ina sara da gudu, wasa dai kamar kowane wasa.

Daren na huɗu, bayan na kashe dodon farko na dawo garin Whiterun, sai na tarar da wasu mutum biyu a ƙofar gari, da rawani, da lanƙwasassun takubba, suna cacar baki da mai gadi. Wai mayaƙan Alik'r ne daga hamadar Hammerfell, ƙasar Redguard, wata mata suke nema. Na shiga masaukin baƙi na cikin kasuwa, ga wata baƙar mata tana hidima. Na matsa kusa da ita, suna ya fito a allo: Saadia.

Tsayawa na yi cak. Ƙanina ya ce, "Yaya, lafiya?" Na ce masa ya karanta sunan da ƙarfi. Yana buɗe baki sai ya ce Sa'adiyya, yadda muke faɗa a gida, don a danginmu akwai masu sunan har biyu. Bai ma lura ba sai da ya ji shi a bakinsa, alhali ya gama wasan nan sau biyu a gidan abokinsa. Matar ta ja ni ɗakinta a sama, ta zare wuƙa, da hankalinta ya kwanta ta ce ita mayaƙan nan suke nema, kuma ainihin sunanta Iman. Imani! Wallahi tsigar jikina ta tashi. Shekara nawa ina buga wasannin nan, sunaye duk na Turawa ne ko na Japan, ban taɓa zaton zan shiga duniyar ƙanƙara in ji sunan da ake raɗa wa jariri ranar suna a unguwarmu ba.

Daga wannan dare na bar dodanni suka huta, na koma yawon karanta sunayen mutane. Akwai Nazeem, mai gonan nan da ke yi wa kowa kallon raini, matarsa kuma Ahlam, wato mafarkai da Larabci. Can gaba na haɗu da Nazir a ƙungiyar makasa, Naziru dai namu, da rawaninsa. A bayan ganuwa ga ayarin Khajiit, mutanen nan masu siffar kyanwa, madugunsu Ri'saad, wanda kunnena ba ya jin komai a ƙarshen sunansa sai Sa'adu.

Sai abin ya zame mini kamar karatu. Nord, 'yan ƙasa, sunansu arewa yake nufi a Faransanci da Jamusanci da harsunan Sikandinebiya, kuma duk abin da ke kewaye da su an ɗebo shi ne daga tarihin gaske. Jarl, sarautar Balgruuf mai mulkin Whiterun, tsohuwar sarauta ce ta Bayikin, mutanen Sikandinebiya na dā. Housecarl ɗin da ake ba ka, Lydia, daga dakarun gidan sarki aka samo sunan, irin waɗanda Sarki Kanut ya riƙe a Ingila bayan ya ci sarauta a 1016, kusan dogarai ke nan a wurinmu. Draugr, matattun da ke tashi a kushewa su bi ka da gatari, suna nan a tsofaffin labaran Ayisland da wannan suna. Breton kuwa ko canza harafi ba a yi ba: mutane ne da ke zaune a arewa maso yammacin Faransa har yau, da harshensu na asali. Imperial Rumawa ne tsaf, shugaban sojansu Tullius, sunan zuri'ar Sisero mai iya magana. Har jinsin masu dogon kunne ma akwai tsari: kowa sunansa na ƙarewa da "mer", Altmer, Bosmer, Dunmer, Orsimer, Dwemer. Da Latin altus tsawo ne, da harshen Holan bos daji ne, ga Altmer masu ɗaukan kansu sama da kowa, ga Bosmer 'yan daji. A wannan gaɓa na riga na yanke cewa wasan nan tauraro biyar ne, ko shida in da akwai.

Sai na tafi kogon da Kematu, shugaban mayaƙan Alik'r, yake ɓoye. Na sha wahalar 'yan fashin da ke gadin wurin, na ratsa ruwa, na iso gabansa, ya hana yaransa taɓa ni, ya fara bayani cewa Saadia ta ci amanar birnin Taneth ne, ta sayar da shi ga abokan gaba. Daidai nan hoto ya daskare. Na kashe na kunna, ya sake tsayawa. Na zare faifan na ɗaga shi a hasken fitila, sai ga karce zagaye kamar an goga shi a siminti. Wannan ne sabo dal! Washegari na koma shago. Na ce, "Alhaji, ba haka muka yi da kai ba." Ya ce shi a leda ya ba ni, na'urata ce ta cinye shi. Ledar da ake liƙewa da wuta a bayan shago, mun sani ai. Sai da maƙwabcinsa ya sa baki sannan ya karɓa ya ce in dawo bayan sati, kuma da na dawo sai da na yi ciko. Har yau abin na ci mini rai, don da ya ce mini na hannu ne da na saya da sanina.

Satin nan da na yi babu wasa shi ya ba ni damar sake tunani, kuma murnata ta ragu har na cire tauraro biyu. Dubi abin da aka yi wa Nord: sarautunsu, matattunsu, lahirarsu ta Sovngarde mai kama da Balhala ta Bayikin, waƙoƙinsu, duk daga rijiya ɗaya aka ɗebo, kuma an zurfafa guga. Redguard fa? An ɗauko sunan Larabawa, an ɗauko rawani da takobin mutanen Magrib, an ɗauko baƙar fatar Afirka, an haɗa da labarin gwanayen takobi mai ƙamshin Japan, aka zuba a tukunya ɗaya aka ce ga ƙabila. Nahiya guda mai harsuna fiye da 1,000, amma duk yawon da na yi ban ci karo da suna ɗaya da zan ce daga Hausa ko Fulatanci ko Yarbanci ya fito ba. Sannan mai suna Imani, a labarin wasan mutanenta Satakal suke bauta wa, wani maciji da ke haɗiye duniya. Ba ina neman a saka addinina a wasa ba ne, Allah Ya kiyaye, gara ma da ba a saka ba. Amma an ari sunan kamar riga, an bar abin da yake nufi a ƙofa, kuma wanda ya san ma'anar dole ya ji wani iri.

Na Khajiit ya fi sosa mini rai. Sunan a harshensu na wasa yana nufin mai tafiya a hamada, ƙasarsu kuwa Elsweyr, wadda in ka faɗa da ƙarfi kalmar Turanci ce mai nufin "can wani waje". Fatake ne, suna tafe da kaya gari zuwa gari, ba a barin ayarinsu shiga birni, sai su kafa tanti a bayan ganuwa. Da na fara ganinsu zango ne ya faɗo mini, irin wanda fataken goro suka riƙa yadawa a hanyar Gwanja, har unguwannin Hausawa a Gana suka gaji sunan. Na ji su kamar 'yan uwa. To amma duk wanda ka tambaya a cikin gari sai ya ce ɓarayi ne, masu safarar skooma, ƙwayar wasan. Na san za a ce ana nuna wariyar Nord ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai wasan da kansa ya ba su baiwar sanɗa da yankan aljihu tun daga zaɓen ƙabila.

Abu ɗaya ya dawo da ni. Na karanta a littattafan cikin wasan cewa Redguard ba shi ne sunansu na asali ba. Da ƙasarsu Yokuda ta nutse a teku, rundunar da ta fara sauka ana kiranta Ra Gada, wato igiyar mayaƙa, sai bakin baƙi ya murɗe shi ya koma Redguard. Wanda ya rubuta wannan ya san yadda suna ke lalacewa a bakin da ba nasa ba, kamar yadda Sakkwato ta koma Sokoto a takardar Bature. Wannan kaɗai ya sa na maido tauraro ɗaya cikin biyun da na cire.

Huɗu ke nan na ba shi. In za ku saya, ku sa a buɗe ledar a gabanku, ku ɗaga faifan a haske kafin kuɗi ya bar hannunku. Da sabon faifan na koma kogon, Kematu ya ƙarasa maganarsa, ya ce in yaudaro Saadia zuwa bargar dawaki zai ba ni zinare 500. Wasan ba ya taɓa gaya maka wanda ya fi gaskiya a cikinsu. Ƙanina ya ce hujjar Kematu ta fi ƙarfi, kuma ina jin haka ne. Duk da haka na zare takobi na yaƙe shi, don hannuna ya kasa miƙa Sa'adiyya.