Makarantar Benci ko Makarantar Fili: Amsa ga 'Yar'uwarmu ta Agege

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin ce ɗanki ya cika shekara huɗu, kuma makarantun nazare biyu ne a gabanki. Ta farko tana saman bene, yara suna zaune a kan benci tun ƙarfe takwas har ɗaya na rana, suna rubuta lambobi zuwa 100, ana kuma ba su jinga kullum. Ta biyu tana da ɗan fili a bayanta, ana fitar da yara sau biyu a rana, ana zaunar da su rukuni-rukuni su yi aiki tare, amma maigidanki yana ganin asara ce a biya kuɗin makaranta don yaro ya je ya yi wasan ƙasa. Na koyar a ajin nazare shekaru da dama a nan Legas, a makarantu iri biyun nan, don haka zan faɗa miki abin da na gani.

Makarantar benci tana da abin da take riƙe zuciyar iyaye da shi, kuma bai kamata a raina shi ba. Amfaninta a bayyane yake, domin yaro yana dawowa da littafi cike da rubutu, uba ya duba ya ga inda guminsa yake tafiya, yaron kuma ya saba da zama da sauraron malami. Matsalar ita ce cikar littafi ba ta nuna abin da ya shiga kai. Ina tuna wata yarinya da aka kawo mini daga irin wannan makaranta, tana iya jero lambobi zuwa ɗari ba tuntuɓe, amma da na ce ta ɗebo mini murfin kwalba guda bakwai daga cikin kwano, sai ta cika tafin hannunta ta miƙo mini, tana kallon fuskata ta ga ko ta dace. Hadda ta yi, ba ta san cewa bakwai adadin abubuwa ne da ake taɓawa ɗaya bayan ɗaya ba. Ga kuma batun hannu: yatsun ɗan shekara huɗu ba su gama ƙwari ba, shi ya sa za ki ga ya damƙe fensir kamar muciya, ya gaji kafin ya gama layi biyu, wani lokaci ma ya tsani rubutu tun bai san daɗinsa ba.

A makarantar fili, idan malama ta san aikinta, darasi yana cikin wasan. Ki ɗauki yara huɗu da aka ba su bokiti ɗaya da gwangwanin madara su cika shi da yashi. Dole su ƙirga gwangwani nawa ya shiga, dole su yi gardama a kan wanda zai zuba, dole wani ya jira layinsa ya zo, kuma haƙa da ɗiba da tsintar tsakuwa su ne suke ƙarfafa yatsun da za su riƙe fensir gobe. Babban ribar rukuni a wannan gari kuwa ita ce harshe. Yaronmu yana tashi da Hausa a ɗaki, ya fita ya tarar da Yarbanci da Turancin buroka a bakin ƙofa, ya shiga aji a yi masa Turanci. Na sha ganin yaron da ya yi wata guda bai ce wa malama uffan ba, amma a fili bakinsa ya buɗe, saboda yana son a ba shi ƙwallo kuma dole ya nema da baki. A kan benci, inda magana da na kusa laifi ce, irin wannan yaro yana iya cinye zango guda a cikin shiru.

Ki faɗa wa maigida cewa wannan tsari ba sabon yayi ba ne. Tun 1840 Bajamushe Friedrich Froebel ya sa wa makarantarsa ta ƙanana sunan da ke nufin lambun yara, a 1907 kuma Maria Montessori ta buɗe gidan yaranta a birnin Rum, inda ƙanana da waɗanda suka ɗan girme su suke aiki a ɗaki ɗaya. Manufar ilimi ta ƙasarmu ita ma ta ce a koyar da ƙanana kafin firamare ta hanyar wasa. Mu kanmu ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin a makarantar allo babba ne yake biya wa ƙarami, kuma langa da carafke da gaɗa ne suka koya wa yawancinmu ƙirga da bin ƙa'ida kafin mu taɓa alli.

Abin da ya fi rinjayar da ni, duk da haka, shi ne zaman Legas kansa. Mu da muka tashi a Arewa muna da tsakar gida da ƙofar gida da dandali, ko makaranta ta ɗaure mu da safe, yamma tamu ce. Yaron da yake zaune a ɗaki ɗaya ko ciki da falo a gidan haya a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 ba shi da ko ɗaya. Ƙofar gida titi ne mai babura da buɗaɗɗiyar kwata, baranda ta cika da risho da janareta, uwa tana tsoron ya fita, sai ta miƙa masa waya don ya zauna. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019, ta ce ɗan shekara uku zuwa huɗu yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 180 a rana, minti 60 daga ciki na guje-guje ne da tsalle-tsalle, kada a tsare shi wuri ɗaya fiye da awa guda a jere, kallon waya ko talabijin kuma kada ya wuce awa ɗaya. Ki auna wannan da yaron da ya zauna a Keke Napep cikin cunkoso, ya zauna awa biyar a kan benci, ya dawo ya zauna yin jinga. Hasken waje ma yana kare ido daga matsalar kasa ganin abin da yake nesa, har ta kai ƙasar Taiwan tun 2010 take ƙarfafa wa makarantu su fitar da yara waje awa biyu a rana. Idan makaranta ba ta ba ɗanki fili ba, a wannan gari da wuya wani ya ba shi.

Ita ma makarantar fili tana da nata aibin. Akwai inda ake sakin yara malama ta koma inuwa tana latsa waya, mai ƙarfi ya ƙwace lilo, mai kunya ya raɓe a jikin katanga har a kaɗa ƙararrawa. Wannan sakaci ne, kuma makarantar benci mai malama mai kula ta fi shi. Za ki kuma yi haƙuri da wanki da ƙujewar gwiwa. Tsoron a bar ɗanki a baya a karatu kuwa bai kai yadda ake zuzuta shi ba, domin a shekara shida ake shiga aji ɗaya na firamare a Nijeriya, a Finlan ma sai yaro ya kai bakwai, don haka yana da shekara biyu cur a gabansa, kuma yaron da ya san ma'anar bakwai ba ya daɗewa wajen koyon rubuta ta.

Da ɗana ne, ta biyun zan kai shi, amma sai na je da ƙafata da misalin ƙarfe goma ba tare da sanarwa ba. Ki tsaya ki ga ko malama tana cikin yara tana yi musu tambaya, ki ƙirga su, domin ƙa'idar ƙasa ita ce kada su wuce 25 ga malama ɗaya a ajin nazare, kuma a fili ko hakan ma sai da mataimakiya. Ki duba ko filin yana da katanga da inuwa, ko ruwa yana kwanciya a ciki, ki tambaye su inda yara suke motsa jiki a watan Yuni idan ruwan sama ya ƙi ɗaukewa. Idan hali ya yi, ki tafi tare da maigida ya zauna minti talatin ya kalli rukuni ɗaya, sannan ya ce wa yaro ɗaya ya ƙirgo masa tsakuwa bakwai.