Manhajar StrongLifts 5x5 da tura ƙarfe sama da kai

A atisayen ɗaga ƙarfe, babu wanda ke saurin cijewa kamar tura sanda daga kafaɗa zuwa saman kai, kuma a nan ne manhajar StrongLifts 5x5, wato manhajar waya mai tsara wa mutum atisayen ɗaga ƙarfe, ta fi burge ni. Tana fara mutum da sanda zalla mai kilo 20, zagaye 5, kowanne ɗagawa 5, sannan ta ƙara kilo 2.5 duk ranar da ya kammala. Idan ya gaza sau 3 a jere, sai ta rage kashi 10 cikin 100 na nauyin, wanda a ganina shi ne mafi alherinta, domin kafaɗa ba ta jure gaggawa.

Sai dai manhaja lissafi take riƙewa, ba ta ganin tsayuwar mai atisaye. Wajibi ne mutum ya ɗaure ciki da ɗuwawu, ya sa gwiwar hannu gaban sanda kaɗan, ya janye haɓa domin sandar ta tafi a miƙe, sannan ya shigo ƙarƙashinta da zarar ta wuce goshi. Ina ba da shawarar a sayi ƙananan fayafan ƙarfe da ake saƙala wa sanda, masu rabin kilo, a rage ƙarin idan nauyi ya fara tsayawa.